Tambaya da Amsa: Makunnin da ba batir ba waya, daga ina yake samun wuta?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato makunnin fitila da ƙararrawar ƙofa irin waɗanda ake mannawa a bango kawai, ba waya ba batir, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambayar sola ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ka raba mana gardama. Maigidana ne ya siyo ƙararrawar ƙofa, ɓangare ɗaya an soka shi a soket a falo, ɗayan kuma ɗan maɓalli ne aka manna a bakin get da gam, mai shagon yace wai ba a taɓa sa mata batir. Yau wata takwas kenan tana aiki, yaran unguwa ma sun mayar da ita abin wasa. Ni nace ƙarya ne akwai batir a ɓoye irin na agogo, shi kuma yace hasken rana take sha, alhali a inuwa take ƙarƙashin rumfa. Waye mai gaskiya a cikinmu?
Daga wata uwargida a Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. To gaskiya da ke da Alhaji duk ba wanda ya ci, sai dai ku raba kuɗin cacar ku ba yaran unguwa, don su ne suke ba ta wutar. Ɗan yatsan mai dannawa shi ne batirin. A cikin maɓallin nan akwai ɗan ƙaramin janareto da bai fi ɗan yatsa girma ba, duk lokacin da aka danna sai ya haifar da wuta 'yar mitsitsiya, ta isa a aika saƙo ɗaya ta iska zuwa na falon, shikenan sai ya koma matacce kamar dutse har sai wani ya sake dannawa.

In kin tuna kekunan iyayenmu na da, akwai wani abu kamar 'yar kwalba da ake jinginawa a jikin taya, in ana tuƙi fitila ta kama, in an tsaya ta mutu, in aka yi gudu haske ya ƙaru. Dainamo kenan. Cikinsa maganaɗisu ne da naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, abin da masu gyaran fanka da janareto ke cewa koyil. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano a 1831 cewa idan ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin waya ya canza, wuta tana zuwa a wayar. Da wannan ilimin injinan Kainji da Shiroro suke aiki, da shi ɗan janareton da ke hana maƙwabta barci yake aiki, kuma shi ne a cikin ƙararrawarki. Abu biyu za ki riƙe: maganaɗisu in yana zaune wuri ɗaya ko shekara zai yi kusa da waya ba abin da zai faru, sai an samu canji, sannan gwargwadon saurin canjin gwargwadon ƙarfin wutar.

To a nan matsalar take, don ɗan yatsa ba shi da sauri, kuma kowa da irin dannawarsa, tsohuwa ta danna a hankali, yaro ya doka da ƙarfi. Ana cewa sannu ba ta hana zuwa amma a nan wallahi tana hanawa, in maganaɗisun ya motsa a hankali wutar da za ta fito ba za ta tsinana komai ba. Dabarar da aka yi ita ce aka sa ɗan sifirin, wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa, tsakanin yatsa da janareton. Kina dannawa sifirin ɗin yana lanƙwashewa yana tara ƙarfin, maganaɗisun kuma ya riƙe ƙarfen da ke cikin koyil ya ƙi saki, sai an kai wani mataki da sifirin ya fi ƙarfinsa sai ƙarfen ya ɓalle farat ɗaya ya koma ya manne a ɗaya gefen. Kamar danƙon harbin tsuntsu ne, ko da sauri ka ja ko a hankali, sakin dai iri ɗaya ne. Wannan tsallen da ƙarfen ya yi shi ke juya ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa koyil ɗin, arewa ta koma kudu cikin ƙasa da ƙiftawar ido, sai wuta ta yi tsalle a wayar. Ƙarar nan "ƙas" da kike ji mai ɗan ƙarfi, da taurin da maɓallin yake da shi fiye da na rimot, ba lalacewa ba ce, janareton ne yake aiki.

Wutar tana fitowa sai ta bi ta dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a daidaita ta, a zuba ta a ɗan kafasito, ƙanen wanda ake canza wa fanka in ta daina gudu, daga nan 'yar ƙwaƙwalwar da ke ciki ta farka, ta duba wane maɓalli aka taɓa, ta haɗa saƙo da lambarta, ta harba ta rediyo, wuta ta ƙare ta koma barci.

Kuma ki san wutar ba wata wuta ba ce. Kamfanin da ya yi suna a wannan harka shi ne EnOcean na Jamus, wanda ya ɓalle daga Siemens a 2001, yana wani gari Oberhaching kusa da Munich. Ɗan janaretonsu mai suna ECO 200 yana ba da wajen maikurojul 120 zuwa 200 a dannawa ɗaya, maikurojul kuwa kashi 1 ne cikin miliyan na jul, wato ma'aunin makamashi. In kika ba ƙwan fitila mai wat 5 wannan wutar, zai cinye ta cikin kamar kashi 1 cikin 25,000 zuwa 40,000 na daƙiƙa, ido ma ba zai ga ya kama ba. Ni abin da ya fi burge ni ba janareton ba ne, don ilimin ya kusa shekara 200, tsimin ne. An yi saƙon gajere ƙwarai, wajen kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, ba gaisuwa ba tambayar iyali, "ni ne wane, an danna ni" kawai, kuma da wannan 'yar wutar ana maimaita shi har sau uku cikin kamar kashi 40 cikin 1000 na daƙiƙa, saboda in ɗaya ya yi karo da wani siginal a hanya ɗayan ya isa. Irin uwargidan da za a ba cefanen mutum ɗaya ta ciyar da gida har ta aika wa maƙwabta.

In Alhaji bai yarda ba, ku rufe maɓallin da baƙar leda kwana uku ku danna, gani ya kori ji. Ke kuma in kina son ganin ko akwai batir ki bari sai ranar da za ku canza ta, don in aka ɓalle murfin yawanci robar da ke hana ruwa shiga ba ta komawa daidai.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mai wayarin ne, shekarata goma sha a sana'ar. Wani Alhaji ya kawo min irin makunnan nan daga waje yace in sa masa a gidan da aka riga aka yi fenti da tayil, baya son a fasa bango. Tambayata biyu ce, shin irin dutsen nan ne na laitar gas a ciki? Sannan ya ake haɗa shi, tunda shi makunnin ba inda waya za ta shiga?
Daga wani mai wayarin a Zariya

AMSA: Ranka ya daɗe oga, tambayarka ta farko ta masu sana'a ce. Abin da ke cikin laitar gas daban ne da wanda na yi wa Hajiya bayani, amma 'yan uwan juna ne a manufa. Shi na laita wani irin dutse ne da in aka matse shi ko aka doke shi yake fitar da wuta, 'yan uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano haka a 1880, Pierre ɗin shi ne mijin Marie Curie. In ka danna laita, sifirin ne yake sakin 'yar guduma ta doki dutsen, sai ya ba da dubban bolt, shi ne tartsatsin da kake gani. Makunnan farko na EnOcean da irin wannan dutsen aka yi su, daga baya suka koma maganaɗisu da koyil. Dalili kuwa kai ma za ka gane, dutsen yana ba da bolt mai yawa amma karan, wato yawan wutar da ke gudana, kaɗan ne, ita kuma 'yar ƙwaƙwalwar bolt 2 zuwa 3 take so, to sai an sha wahalar sauko da shi ana asara a hanya, ga shi abin da ake doka kullum yana gajiya ya tsage. Koyil kuwa tun farko ƙaramin bolt yake bayarwa. Yanzu akasarin abin da za ka gani a kasuwa na maganaɗisu ne.

Wani abu da na manta ban faɗa wa Hajiya ba, kai zai yi maka amfani: wuta sau biyu ake samu, ɗaya in an danna ɗaya in an saki, kuma ta sakin juyayyiya ce. Da haka makunnin yake sanin an danna ko an ɗaga hannu, yana aika saƙo a kowanne, shi ya sa ake iya rage haske ko ƙara shi, ka danna ka riƙe haske yana ƙaruwa, ka saki ya tsaya. Janareto ɗaya ne a ciki ko da maɓallan huɗu ne, akwai 'yan wuraren taɓawa a ƙarƙashin kowanne da ke gaya masa wanne aka taɓa.

Batun haɗawa, ka cire a ranka cewa wannan abin na bango yana yanke wuta, ba ya yanke komai, rimot ne kawai da aka yi masa kamannin makunni. Mai aikin shi ne risiba, ɗan akwatin da ke karɓar saƙon, mai rile a ciki, wato makunnin da ke kunnawa da kashewa in saƙo ya zo, shi za ka kai wa layif da nutural, daga shi waya ta tafi fitila. Ka ga kenan wurin da ya fi sauƙi shi ne sama a silin kusa da fitilar inda nutural yake, don a yawancin gidajenmu layif kaɗai ake saukowa da shi ramin makunni. Tsohon makunnin kuma ko ka haɗe wayoyinsa ka rufe ramin ko a bar shi a kunne kullum, in wani ya kashe shi risiba ta mutu sabon makunnin ya zama ado. Bayan haka sai gabatarwa, ka danna ɗan maɓallin koyo a jikin risiba har fitilarta ta fara ƙiftawa, ka je ka danna makunnin, ta haddace lambarsa. Daɗin abin shi ne fitila ɗaya za ka iya yi mata makunni uku ko huɗu, bakin ƙofa, gefen gado, ƙasan bene da samansa, ba tare da wayar tuwe ɗin nan, wato wadda ake ja don makunni biyu su kunna fitila ɗaya, mai cin kuɗi da lokaci ba, har a jikin gilas ana mannawa.

Ka duba amfiya nawa aka rubuta a jikin risibar kafin ka ɗora mata kaya. Ta fitila ta fitila ce, kar Alhaji ya matsa maka ka sa mata famfon borehol ko hita ko AC, in dole ne sai ka sa kontakta, babban rile mai ɗaukar kaya masu nauyi, a tsakani. Sannan ka tabbata ta bolt 220 zuwa 240 ce, don kayan da aka yi wa Amurka na 120 ne, kuma ko mitar rediyon ba ɗaya ba ce, na EnOcean a Turai megahaz 868 ne, a Amurka 902, a Japan 928, in makunni na nan ne risiba ta can ba za su taɓa jin juna ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne, tunani na yi, tunda dannawa tana kawo wuta me zai hana a haɗa irinsa a dinga cajin waya da shi in NEPA sun ɗauke?
Daga wani ɗalibi a Maraɗi

AMSA: Ƙanena tunanin ya yi, lissafin ne zai ba ka haushi. Batirin waya mai 5000 mAh yana ɗauke da wajen jul 68,000. Raba shi da maikurojul 120, za ka samu dannawa sama da miliyan 500. In kana danna sau ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba sallah ba cin abinci, sai ka haura shekara 15 kafin ta cika sau ɗaya, shi kuma makunnin da kamfanin ya gwada shi a kan dannawa miliyan 1 ya daɗe da mutuwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, nemi ɗan faifan sola. Af, kuma a Maraɗi ai NIGELEC ce take ɗauke muku, ko dai a wannan gefen kake karatu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun sa ƙararrawa irin wannan a gidan haya, sai ga shi wani lokaci tana kaɗawa cikin dare a fita ba kowa, matata har ta fara cewa a kira malamai. Wani lokacin kuma baƙo ya yi ta dannawa a get ba mu ji ba. Meye matsalar? Kuma in makunnin fitila ne, wani ba zai iya kunna min daga waje ba?
Daga wani magidanci a Jos

AMSA: Malam ka kwantar wa da uwargida hankali, kafin a kira malamai a fara leƙa gidan maƙwabta. Ni kaina abin ya taɓa faruwa da ni, na sayi wata mai araha a wani shago, ashe maƙwabcina ma a nan ya saya, baƙonsa ya danna ni in fito da jallabiya ina waye. Yawancin masu arahar nan a megahaz 433 suke magana, inda rimot ɗin get da na mota da tarkace da yawa suke, kuma wasu lambobinsu ba su da yawa ko kuma risibar ta haddace maɓallin wani lokacin da kake gabatar da naka. Ka danna maɓallin koyo ka riƙe har ta goge duk abin da ta sani, yadda takardarta ta nuna, ka sake gabatar mata da naka kaɗai. In ba ta daina ba, to araha ba ta ado. Na EnOcean kowane makunni da lambarsa mai bit 32, wato sama da biliyan 4, ba a maimaitawa, tsarin nasu ma ya zama ma'aunin duniya a 2012 da sunan ISO/IEC 14543-3-10.

Rashin ji kuma kusan kullum ƙarfe ne. A fili irin na EnOcean yana kai mita 300, a cikin gini kuwa wajen 30, kuma wannan ma ya danganta da ginin. Katako da gilas da silin ba su cika tarewa ba, bulo yana ragewa, dekin kankare da aka zuba wa rodi yana ci sosai, ƙarfe kuwa kashe shi yake. To mu kuma get ɗinmu na ƙarfe ne, kuma a jikinsa ake manna maɓallin, eriyar tana manne da ƙarfen ina za ta yi magana? Ka ɗauke shi ka mayar jikin ginshiƙin bulo, ko ka sa ɗan katako mai kauri a bayansa, ita kuma ta cikin gida ka matso da ita soket ɗin da ya fi kusa da taga, kar a bayan firij ko talabijin. Batir zai iya yin ta ihu har a ji shi, wannan kuwa numfashi ɗaya gare shi.

Batun wani ya kunna maka daga waje, a masu araha da lambarsu ba ta canzawa mai yiwuwa ne, wanda ya san harkar zai iya naɗar saƙon ya maimaita. Masu tsada suna canza lambar kowace dannawa kuma suna kulle saƙon da wani tsarin sirri mai suna AES-128, duk da wannan 'yar wutar. A fitilar tsakar gida ni ban damu ba, amma kar ka ɗora makullin ƙofa ko get a kan mai araha.

TAMBAYA: Malam to in an ɗauke wuta fa, tana aiki? Kuma wannan sabuwar fasaha ce ko dama akwai ta?
Daga wata malamar makaranta a Kumasi

AMSA: Malama, maɓallin zai aika saƙonsa ko an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba, sai dai ba mai saurare. Wannan ne masu talla ba sa faɗa, "ba batir" ɗin rabin gaskiya ne, ɓangaren da ke karɓa dole ya kasance a kunne dare da rana yana kasa kunne, kuma sauraro ya fi magana cin wuta nesa ba kusa ba. In muka ce risiba tana jan rabin wat, a shekara ya haura yunit 4, ba yawa amma in gida yana da guda ashirin kuma a kan inbata yake ya kamata a sa a lissafi. A fitila ba asara, tunda in ba wuta dama ba abin da za a kunna, ƙararrawa ce abin haushi, sai a sa ta a layin inbata in akwai. Ki kuma tambayi mai sayarwa yadda risibar take yi in wuta ta dawo, wasu suna tuna yadda aka bar su, wasu a kashe suke tashi, wasu kuma a kunne, kin ga a garin da ake ɗaukewa sau biyar a dare wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sabuwa kuma ba sabuwa ba. A 1956 kamfanin Zenith na Amurka ya fitar da rimot ɗin talabijin mai suna Space Command, aikin wani injiniya Robert Adler, ba batir a cikinsa ko ɗaya. In aka danna, 'yar guduma ce take dukan sandar alminiyam a ciki ta fitar da ƙara mai sirin da kunnen mutum baya ji, talabijin ɗin ya ji ya canza tasha, har akan samu ƙarar makullai ta canza wa mutane tasha suna zaune. Na zamanin nan da rediyo suke yi, kuma sun shiga gidajen mutane sosai bayan Philips sun fitar da makunnin Hue Tap a 2014, wanda janareton EnOcean ne a cikinsa yana magana da fitilu ta wani tsarin rediyo mai suna Zigbee. Inda aka fi amfani da su tun farko manyan ofisoshi ne a Turai, inda ake yawan matsar da bangon katako da gilas, kuma ba wanda yake son ya bi makunni dubu yana canza batir. In za ki sayi wanda za a manna a wajen ɗaki, ki nemi wanda aka rubuta IP54 ko sama a kwalinsa, wato alamar jure ƙura da fantsamar ruwa, don ruwan Kumasi ba ya wasa, mu kuma nan arewa ƙurar hunturu ce take shiga ta cushe sifirin ɗin har ya daina yin ƙas.